Daga layin masu neman aiki zuwa kofin Turai: yadda Édouard Mendy ya fara tsaron gida

A tsakiyar shekarar 2014, Édouard Mendy yana da shekara 22, ba shi da ƙungiya, ba shi da albashi, kuma wakilin da ya yi masa alkawarin kai shi Ingila ya daina ɗaukar waya. Shekara bakwai bayan haka, ranar 29 ga watan Mayun 2021, shi ne ya tsare ragar Chelsea a birnin Porto na ƙasar Fotugal, daren da ta doke Manchester City da ci 1-0 ta ɗauki Kofin Zakarun Turai.

Wannan labari ya zagaya fadodi da gidajen kallon ƙwallo daga Yamai har Damagaram, kuma galibi a gajarce ake ba da shi: yaro ya yi haƙuri, Allah ya ba shi. Ba ƙarya ba ne. Sai dai tsakanin 2014 da 2021 akwai abubuwa da dama da gajeren labarin ke tsallakewa, kuma su ne suka fi amfani ga saurayin da ke tsaron raga a filin unguwa yana mafarkin Turai, da uban da ake lallashi ya sayar da fili ko babur domin a biya wani mai cewa yana da hanya.

Yaron Le Havre

An haifi Mendy ranar 1 ga watan Maris na 1992 a Montivilliers, wani ƙaramin gari da ke manne da Le Havre, birnin tashar jiragen ruwa a yankin Normandi na arewacin Faransa. Mahaifiyarsa ƴar asalin Senegal ce, mahaifinsa kuma ɗan asalin Gine-Bisau. Ferland Mendy, mai tsaron baya na Real Madrid, ɗan uwansa ne.

Le Havre ba wurin da za a raina ba ne a harkar ƙwallo. Makarantar horar da yara ta ƙungiyar garin tana cikin waɗanda ake ji da su a Faransa. Paul Pogba ya bi ta nan, haka ma Dimitri Payet da Lassana Diarra, kuma a ƙungiyar ne Riyad Mahrez ya fara suna kafin ya tafi Leicester. Ta fannin masu tsaron gida ma tana da tarihi, domin ita ta fito da Steve Mandanda.

Mendy ya shiga wannan makaranta yana da shekara 13, amma bai daɗe ba. Masu horarwa sun fi ganin makoma a jikin wani tsaransa, Zacharie Boucher. Daga nan sai ya koma wata ƙaramar ƙungiya ta cikin gari, CS Municipaux Le Havre, inda ake buga ƙwallo don sha'awa ba don albashi ba. A nan ya shafe shekarun da tsararrakinsa ke samun horo na safe da yamma a hannun ƙwararru. Duk wanda ya san tsarin Faransa ya san ma'anar wannan: yaron da ya fita daga babbar makaranta tun yana ɗan shekara 14, da wuya masu farautar ƴan wasa su sake waiwayarsa.

Wuri ɗaya tak

Kafin a fahimci wahalar da ya sha, sai an fahimci yadda aikin mai tsaron gida ya bambanta da na sauran ƴan wasa.

A cikin mutum 11 da ke shiga fili, 10 suna da hanyoyi da yawa na samun dama. Ɗan wasan gaba da ke zaman benci zai iya shiga saura minti 15, ya zura ƙwallo, gobe a fara da shi. Ɗan tsakiya zai iya komawa gefe, mai tsaron baya zai iya matsawa tsakiya. Shi kuwa mai tsaron gida wurinsa ɗaya ne, kuma mai horarwa ba ya canza shi a tsakiyar wasa sai da rauni ko jan kati. Ƙungiya tana iya ajiye masu tsaron gida uku ko huɗu, amma kaka sukutum ta wuce mutum ɗaya ne ke bugawa. Na biyu yana jiran wasannin kofi, na uku yana ɗaukar ƙwallaye a wurin atisaye.

Sannan kuskurensa ba ya ɓuya. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron gida zai tare tara, ta goma ta zille masa, ita za a yi ta maimaitawa a talabijin. Shi ya sa masu horarwa ke gudun saka matashi a raga. Mai horarwar da kujerarsa ke rawa ya fi son dattijon da ya sani a kan yaron da bai gwada ba.

Aikin ma kansa ya canza. A shekarar da aka haifi Mendy, wato 1992, aka kafa dokar da ta hana mai tsaron gida kama ƙwallo da hannu idan abokin wasansa ya turo masa ita da ƙafa da gangan. Tun daga lokacin ake neman wanda ya iya wasa da ƙafa kamar ɗan tsakiya, ya iya karɓar ƙwallo ana matsa masa, ya kuma fara kai hari daga bakin ragarsa. Irin wannan ba ya samuwa sai da horo na musamman da wasanni masu yawa.

Abu ɗaya ne ke taimaka wa masu wannan sana'a: suna daɗewa. Dino Zoff ya ɗauki Kofin Duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40. Essam El-Hadary na Masar ya buga Kofin Duniya a 2018 yana da shekara 45. Gianluigi Buffon bai ajiye safar hannu ba sai a 2023, shi ma yana da 45. Ɗan gaban da ya kai shekara 23 babu ƙungiya, kusan an rufe littafinsa. Mai tsaron gida a wannan shekarun yana iya samun wasu 15 a gabansa, in har ya samu inda zai tsaya.

Cherbourg da wayar da aka daina ɗauka

A 2011, yana da shekara 19, Mendy ya samu shiga AS Cherbourg, wadda a lokacin take rukuni na uku na ƙwallon Faransa, wanda ake kira National. Wannan rukuni yana tsakanin ƙwallon sana'a da na sha'awa. Ana biyan albashi, amma ba irin wanda mutum zai gina rayuwa a kansa ba. Shekara uku ya yi a can. Bai fara a matsayin na ɗaya ba, kuma ƙungiyar ta yi ta gangarowa ƙasa ga matsalar kuɗi. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2014, babu abin da zai tsaya yi.

A nan ne wakilin ya shigo. Kamar yadda Mendy ya bayyana a hirarrakin da ya yi da ƴan jarida daga baya, mutumin ya tabbatar masa cewa akwai ƙungiya a Ingila da ke jiransa. Ya yarda, ya zauna yana jira. Kwanaki suka zama makonni. Ya yi ta kira, ya yi ta aika saƙo, shiru. Kafin ya ankara an rufe kasuwar sayen ƴan wasa, kowace ƙungiya ta cike gurbin mai tsaron gidanta.

Masu bin ƙwallo a talabijin ba su cika lura da muhimmancin wannan lokaci ba. A Turai ana cinikin ƴan wasa ne a lokuta biyu, na bazara wanda ke rufewa wajen ƙarshen Agusta, da kuma na watan Janairu. Ɗan wasan da ba shi da kwantiragi yana iya samun ƙungiya ko bayan an rufe, amma ga mai tsaron gida hakan sai in wani ya ji rauni. Wanda ya ɓata watan Yuli da Agusta yana jiran alkawarin baka, ya yi asarar kaka guda.

Wakilin bai karya masa ƙafa ba, bai kuma hana shi iya wasa ba. Watanni biyu kawai ya ci masa, amma su ne watanni biyun da ake raba aiki a wannan sana'a.

Shekarar zaman jira

Mendy ya koma gidan iyayensa a Le Havre. Ya je ya rubuta sunansa a Pôle emploi, ofishin gwamnatin Faransa da ke kula da marasa aikin yi, wanda tun watan Janairun 2024 aka canza wa suna zuwa France Travail. Ya bi layi kamar kowa, ya cike takardu, ya zauna gaban ma'aikaci yana bayanin irin aikin da ya iya. A daidai wannan lokaci abokiyar zamansa tana ɗauke da cikin ɗansu na fari, kuma ɗan kuɗin tallafin da ake ba shi ba zai riƙe iyali ba.

Abin da ya yi a wannan shekara shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ya koma ƙungiyar Le Havre, wadda ta sallame shi yana yaro, ya nemi a bar shi ya riƙa atisaye da ƙungiyarta ta biyu ba tare da an biya shi ko sisi ba. Aka amince. Kullum yana fili yana faɗuwa yana tashi tare da yaran da ya girma, ranar wasa kuma ya koma gida domin ba shi da hurumin bugawa.

Ba ƙaramin abu ba ne namiji ya koma inda aka ce bai isa ba, ya roƙi wurin tsayawa. Amma mai tsaron gidan da ya yi wata shida bai taɓa ƙwallo ba, idonsa da hannunsa sun daina tafiya tare. Da Mendy ya zauna gida yana jiran waya, ko da kiran ya zo ba zai same shi a shirye ba.

Duk da haka, bayan shekara guda babu labari, ya fara shirin haƙura da ƙwallo. An ruwaito cewa wani abokinsa ya yi masa tayin aiki a kantin sayar da tufafin maza, kuma ya kusa karɓa.

Na huɗu a Marseille

Hanyar ba ta fito daga hannun wakili ba. Ta fito ne daga wani tsohon abokin wasansa na Cherbourg, Ted Lavie. A 2015 Lavie ya ji cewa Olympique de Marseille na neman mai tsaron gida da zai cike gurbi a ƙungiyarta ta biyu, sai ya yi wa Dominique Bernatowicz, mai horar da masu tsaron gida a makarantar ƙungiyar, maganar Mendy. Aka kira shi gwaji, ya je, aka ɗauke shi.

Kada sunan Marseille ya ruɗi mai karatu. Mendy ya je ne a matsayin na huɗu. Steve Mandanda ne na ɗaya kuma kyaftin, Yohann Pelé na biye da shi. Takardar da aka ba Mendy ta shekara ɗaya ce, ba ta cikakken ƙwararren ɗan wasa ba, albashin kuma daidai na ƙaramin ma'aikaci. Bai buga wa babbar ƙungiyar wasa ko ɗaya ba. Ƴan wasannin da ya samu duk a ƙungiya ta biyu ne, a rukuni na huɗu, gaban ƴan kallon da ba su cika gefe ɗaya na fili ba.

Ribar da ya samu ita ce horo. Karon farko a rayuwarsa ta manya yana aiki kullum ƙarƙashin masu horarwa na musamman, yana ganin yadda Mandanda ke shirya wa wasa, yana tare ƙwallayen ƴan gaban Ligue 1 a wurin atisaye.

A cikin wannan kaka ce, a watan Oktoban 2015, AC Milan ta saka wani yaro ɗan shekara 16 a ragarta a gasar Italiya. Sunansa Gianluigi Donnarumma. Duniya ta ɗauka da labarinsa. Shi kuwa Mendy, mai shekara 23, ko a Marseille ba kowa ya san da shi ba. Bayan shekara shida sunayen mutanen biyu ne za su fito a sahun gaba wajen zaɓen gwarzon mai tsaron gida na duniya.

Jan kati a minti na biyar

A 2016 Mendy ya yanke shawarar da matasa da yawa ba sa iya yankewa. Ya bar ƙungiya mai babban suna ya sauka rukuni na biyu, ya sa hannu a Stade de Reims. A nan ya samu kwantiraginsa na farko na ƙwararren ɗan wasa, yana da shekara 24. Reims tsohuwar zuma ce: ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai a 1956 da 1959, duka Real Madrid ta doke ta. Amma a 2016 ta faɗo Ligue 2 tana neman hanyar komawa sama.

Ko a can na biyu aka ɗauke shi, bayan Johann Carrasso. Sai ga shi a wasan farko na kaka, da Amiens, alƙalin wasa ya ba Carrasso jan kati minti biyar da farawa. Mendy ya tashi daga benci ya shiga. Wasansa na farko ke nan a matakin ƙwararru. Bai ƙwace wurin nan take ba, domin Carrasso ya dawo, amma masu horarwa sun ga abin da suka gani.

Kaka ta gaba, 2017-2018, sabon mai horarwa David Guion ya ba shi lamba ɗaya. Reims ta lashe Ligue 2 da maki 88, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar kafin nan, Mendy kuma ya buga wasa 18 ba a zura masa ƙwallo ba. A 2018-2019, kakarsa ta farko a Ligue 1 yana da shekara 26, ya buga dukkan wasanni 38, 14 daga ciki ragarsa ba ta motsa ba, kuma ƙungiyar da ta hauro daga ƙasa ta ƙare a matsayi na takwas.

A watan Agustan 2019 Rennes ta saye shi a kan kuɗin da aka ƙiyasta Yuro miliyan 4, wato kimanin miliyar 2 da miliyan 600 na sefa. Annobar korona ta sa an tsayar da gasar Faransa a watan Maris na 2020, Rennes tana ta uku, abin da ya ba ta damar shiga Gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta.

Hanyar Landan

A Chelsea kuwa raga ta zama ciwon kai. A 2018 ƙungiyar ta biya Yuro miliyan 80 ta sayi Kepa Arrizabalaga daga Athletic Bilbao, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya kan mai tsaron gida, amma kurakurai suka yi masa yawa. Petr Cech, wanda shi ma daga Rennes Chelsea ta ɗauko shi a 2004, ya riga ya ajiye wasa ya zama mai ba ƙungiyar shawara. Shi ne ya tsaya kan a sayi Mendy. Aka kammala cinikin a watan Satumban 2020 kan Fam miliyan 22, wato sama da miliyar 15 na sefa.

Wata takwas bayan haka ya ɗaga kofin Turai. A wasa 12 da ya buga a gasar ta wannan kaka, tara ba a ci shi ba. Tun Bruce Grobbelaar na Zimbabuwe, wanda ya ɗauki kofin da Liverpool a 1984, babu wani mai tsaron gida da ke bugawa wata ƙasar Afirka da ya yi haka.

Duk da wannan, sunansa bai fito a cikin mutum 30 da aka ware don kyautar Ballon d'Or ta 2021 ba, abin da ya sa abokan wasansa na Senegal irin su Sadio Mané da Kalidou Koulibaly suka nuna rashin jin daɗinsu a fili. Kyautar Yashin ta masu tsaron gida Donnarumma aka ba, Mendy ya zo na biyu. A watan Janairun 2022 kuma FIFA ta zaɓi Mendy gwarzon mai tsaron gida na duniya, a gaban Donnarumma da Manuel Neuer.

Tsakanin ƙasar uwa da ta uba

Ƴaƴan ƴan ci-rani da aka haifa a Turai sun san wannan tambaya: wace ƙasa ce taka? Mendy yana da damar bugawa ƙasa uku. A 2016 Gine-Bisau ta kira shi a lokacin da mahaifinsa ke fama da rashin lafiya mai tsanani, ya amsa kiran don girmama shi, amma bai buga mata wasan gasa da zai ɗaure shi ba. Daga baya ya zaɓi Senegal, ya fara buga mata a watan Nuwamban 2018.

Nan ma sai da ya sake jira. A gasar CAN ta 2019 a Masar ya fara a matsayin na ɗaya, ya buga wasa biyu, sai ya karya yatsa yana motsa jiki kafin wasa na uku. Alfred Gomis ya maye gurbinsa, Senegal ta kai wasan ƙarshe, Aljeriya ta doke ta. Ranar 6 ga Fabrairun 2022, a Yawunde, aka tashi babu ci tsakanin Senegal da Masar, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mendy ya tare bugun Mohanad Lasheen, Mané ya ci na ƙarshe, Senegal ta ɗauki kofin Afirka na farko a tarihinta. Shi aka zaɓa mai tsaron gida mafi ƙwazo a gasar. A 2023 ya koma Al-Ahli ta Jidda a Saudiyya.

Me ya sa suka yi kaɗan?

Manyan ƙungiyoyin Turai cike suke da ƴan Afirka a gaba da tsakiya da baya, amma a raga ana iya ƙirga su. Thomas N'Kono na Kamaru ya je Espanyol a 1982. Joseph-Antoine Bell ya tsare ragar Marseille da Bordeaux da Saint-Étienne. Jacques Songo'o ya yi suna a Deportivo, Carlos Kameni a Espanyol da Malaga. Vincent Enyeama na Najeriya ya yi minti 1,062 a jere ba a ci shi ba a Lille a 2013. André Onana ya bi ta makarantar Barcelona da Ajax. Jerin bai wuce haka da yawa ba.

Mendy da wasu daga cikin waɗannan sun sha yin magana kan kallon raini da ake yi wa mai tsaron gida baƙar fata a Turai, inda ake yaba ƙarfinsa da tsallensa amma ana shakkar natsuwarsa. Akwai kuma matsalar da ke gida. Tsaron raga sana'a ce da ake koya da faɗuwa, kuma yaron da ke atisaye a kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa ba zai yi ta jefa jikinsa sau ɗari a rana ba. Safar hannu mai kyau tana da tsada, tana kuma saurin lalacewa. Ƙungiyoyi da yawa ba su da mai horar da masu tsaron gida na musamman. A filin unguwa kuwa kowa ya san wanda ake turawa raga: ƙaramin cikinsu, ko wanda aka ga bai iya ba.

A Nijar, Kassaly Daouda ya nuna cewa akwai wata hanyar da ba sai ta fara da Turai ba. Daga Sahel SC ta Yamai ya tafi Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 2008. Shi ne ya tsare ragar Mena a gasar CAN ta 2012 da ta 2013, kuma a ta biyun ne aka tashi 0-0 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, makin farko da Nijar ta samu a tarihin gasar. Sunansa ya fito ne daga wasannin da ya buga mako bayan mako a nahiyar.

Abin da ya kamata a riƙe

Mai son ya yi koyi da Mendy sai ya dubi abin da ya riƙe shi lokacin da ya faɗi. A ƙasar haihuwarsa wakilin ya yaudare shi. Yana da takardun zama, yana da ɗaki a gidan iyayensa, yana da ofishin da ke ba shi ɗan tallafi duk wata, yana kuma da filin atisaye na ƙwararru a garinsu. Saurayin da ya tashi daga Maraɗi ko Tawa da bizar yawon buɗe ido ta ƴan makonni, aka ajiye shi a otal wakili ya ɓace, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da bizar ta ƙare ya zama marar takardu, kuma babu ƙungiyar da za ta iya yi masa rajista. Da yawa kunyar komawa gida hannu rabbana ce ke riƙe su a can.

Dokokin FIFA a bayyane suke. Sashe na 19 na dokar musayar ƴan wasa ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu ƴan yanayi, kamar idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 wata ƙungiya a Faransa ko Sifaniya, ko dai bai san doka ba, ko yana da wata manufa. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa da lasisi ga wakilan ƴan wasa, kuma tana wallafa sunayen masu lasisin a shafinta na intanet, inda kowa zai iya dubawa da wayarsa. Wakili na gaskiya yana samun rabonsa ne idan an sa hannu a kwantiragi, ba daga kuɗin gonar iyaye ba. Ƙungiyar da ke son gwada ɗan wasa da gaske tana aiko da takardar gayyata da sunanta, wadda za a iya kai wa hukumar FENIFOOT ko a kira ƙungiyar kai tsaye a tabbatar.

Sauran darasin yana cikin matakan da Mendy ya taka. Ya ci gaba da atisaye a shekarar da babu mai biyansa. Wanda ya buɗe masa ƙofa abokin wasa ne da ya san halinsa da aikinsa tun suna rukuni na uku. Ya karɓi matsayi na huɗu don ya samu horo, sannan ya bar babban suna ya sauka ƙasa don ya samu wasa. Daga Cherbourg zuwa Chelsea bai tsallake mataki ko ɗaya ba: rukuni na uku, na huɗu, na biyu, na ɗaya, sannan Turai.

Akwai kuma rabo, wanda ba a isa a cire shi daga lissafi ba. Da Marseille ba ta nemi mai cike gurbi a 2015 ba, da Carrasso bai samu jan kati ba, wataƙila da yau Mendy yana bayan kanta a Le Havre yana auna wa mutane wando. A kowace bazara ƙungiyar ƴan wasan Faransa, UNFP, tana buɗe sansanin atisaye don ƴan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ba su samu wata ƙungiya ba, kuma ba duka ne ke komawa fili ba. Shi ya sa masu horarwa na kirki ke gaya wa yara su riƙe karatu ko sana'ar hannu tare da ƙwallo. Mendy kansa, a shekarar da ya yi yana jira, yana atisaye da safe ne yana kuma neman aikin da zai ciyar da iyalinsa.